Ba a Godiyar Shuka

"Doyle, ce mata ta sauko daga kan wannan abin," in ji Kawu Arlie daga cikin mota.

Muna filin gaban shagon injuna na garinmu. 'Yata Tressie na zaune a kan wani sabon injin yankan ciyawa na hawa, ja mai sheƙi, irin wanda ba shi da sitiyari sai sanduna biyu a dama da hagu. Tana ta juyi da shi a wuri ɗaya kamar katantanwa, gashinta na tashi, tana dariya. Curtis mai shagon na tsaye yana yaba mata. Ni kuma na dafe ƙugu ina kallonta.

Kawu Arlie bai fito ba saboda tukunyar iskar numfashi da yake ja. Gilashi kawai ya sauke, siririn tiyo na maƙale a hancinsa. Ba kawuna ba ne na jini. Maƙwabcinmu ne, amma duk kwarinmu haka ake kiransa, har da fasto.

Tressie ta kashe injin ta zo jikin mota tana haki. "Kawu, ka ga yadda yake juyawa?"

"Na gani, Direba. Haka zai juya da ke har cikin rafi."

Gidajenmu biyu a jikin tudu ɗaya suke, nasa a sama, namu a ƙasa kaɗan, rafi na bin gindin tudun, maƙabartar danginsu kuma na can ƙoli cikin itatuwa. Tun da muka tare a wurin, Kawu Arlie ne ke yanke ciyawar filayen biyu da wata tsohuwar ƙaramar taraktarsa, ni kuma in bi gefe-gefe da injin turawa. Bai taɓa tambayata ba, ban taɓa roƙonsa ba. Sai ƙurar kwal da ya shaƙa a ramin haƙar kwal tun yana saurayi ta gama cinye masa huhu, taraktar ma ta mutu a cikin hunturu. A wannan hunturun aka yi mini aiki a baya, likita ya ce in na sake tura inji a kan tudu to kada in dawo wurinsa. Matata Glenna tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kan ta dawo ƙafafunta sun kumbura. In aka bar ciyawa kuwa, macizai za su zo har ƙofar kicin, kuma 'yar maƙwabtanmu ta ƙasa ta sha sara a bara. Saura Tressie ke nan, mai shekara goma sha shida, ita kaɗai muka haifa. Ita ta ce za ta yi. Ni na ce a'a, na sake cewa a'a, har ciyawa ta kawo mini gwiwa.

Abin da nake tsoro kowa a yankinmu ya san shi. Babu cocin da ba a taɓa yi wa wani addu'a ba saboda inji ya kife da shi a gangare. Duk lokacin da na leƙa ta taga na ga inda filinmu ya karye ya faɗa rafi, sai in ga 'yata a ƙarƙashin ƙarfe.

Curtis ya ƙaraso ya gaida Kawu Arlie. Da ya ji a wane tudu muke, sai ya cire hula ya sosa kai, ya ce ai bai sani ba, ya ɗauka a sabuwar unguwar bakin titi muke. Ya ce a wannan tudun ko da kuka na roƙe shi ba zai sayar mini da mai sanduna ba, domin tayoyinsa na gaba ba sa riƙe hanya, lilo kawai suke, in na baya suka zame shi ke nan babu abin da zai tsayar da shi.

"To kai mu wurin munanan," in ji Kawu Arlie.

Na ja motar a hankali har bayan shagon, inda aka jera masu sitiyari. Daga kujerarsa ya yi zaɓen, yana nuni da yatsa yana hutawa tsakanin magana da magana. Wannan ya yi tsayi, mai hawansa kamar yana kan katanga. Wancan ƙafafunsa sun matse. Na gaba tayoyinsa sumul ne, na filin ƙwallo. Ya sa Tressie ta zauna a kan ɗaya, ta ɗaga jikinta daga kujera, mu ga ko injin zai mutu da kansa. Ya sa ta taka birki, ya ce in sai ta miƙe ƙafa gaba ɗaya kafin ta kai to ba nata ba ne. A ƙarshe ya tsaya a kan wani kore mai duhu, gajere, mai faɗin gindi, da wani feda a gefe wanda in an taka shi tayoyin baya biyu ke ja tare. Ya ce Curtis ya ɗura wa tayoyin bayan ruwan wanke gilashin mota don su yi nauyi, kuma ba ya daskarewa.

Tressie ta zagaya shi ta taɓe baki. "Wannan ai kwaɗo ne."

"Kin taɓa ganin kwaɗo ya mirgina daga tudu?"

Ba ta taɓa ba. Sunan da ya bi injin ke nan.

A hanyar komawa na ce masa ni har yanzu raina bai kwanta ba. Ya ce ai ba zai kwanta ba, shi ma da 'yarsa Charlene ta fara tuƙi sai da ya rame. Ya ce in bar masa yarinyar shi zai koya mata, amma da sharaɗi ɗaya, kuma ba nata ba ne, nawa ne.

"In tana kai, kada ka yi mata ihu. Ko me ka gani."

"Ko na ga za ta faɗa?"

"Musamman lokacin. Ka yi ihu, ta waiwayo, hannu ya bi kai, sitiyari ya bi hannu. Na san ka, ɗana. Kai ko kare ne ya tsallaka titi sai ka yi masa ihu."

Tressie ta fashe da dariya a kujerar baya. Na yi alkawari, ban san nauyinsa ba.

Da aka kawo Kwaɗo, barandar Kawu Arlie ta zama makaranta. Yana zaune a kujerarsa mai lilo da tukunyar iska a gefe, ga tsohon kwano da cokali a cinyarsa, tunda muryarsa ba ta kai wa tsakiyar fili. Bugu ɗaya, ta tsaya. Bugu biyu, ta zo. Kusan mako guda bai bari ta kunna wuƙaƙen yankan ba. Sama da ƙasa kawai, sama da ƙasa. Ya ce mai injin turawa shi ke yanka tudu a kaikaice, amma mai hawa miƙe yake hawa miƙe yake sauka, ba ya juyawa sai ya sami shimfiɗaɗɗen wuri. Ya hana ta fita in akwai raɓa. Ya hana ta sa waƙa a kunne. Sai babbar dokarsa, wadda ya sa ta maimaita har ta fara kwaikwayon muryarsa da tarin da komai: duk gangaren da ba za ta iya hawansa da baya ba, kada ta sauko shi da gaba. In ta zo wurin da take shakka, ta juya wa tudun baya ta gwada. In taya ta murza a banza, wurin ba na inji ba ne.

Ni kuwa ina kan matakalar barandar na cusa hannuwa a aljihu. Wani lokaci in ji maganar ta taho har maƙogwaro, sai in ji ƙwas, ya buga mini cokali a kafaɗa.

"Ka ga ubanki?" ya ce mata wata rana da ta zo shan ruwa. "Ya fi injin zufa."

"Haka yake ko kofi zan ɗauko daga wuta."

"Bar shi. Da za a sayar da irinsa a shago, da an rage marayu."

Na juya ina kallon rafi.

Wurin da ya fi damuna shi ne wannan bakin rafin, inda filinmu ya karye. Tressie ta gwada shi da baya, taya ta murza, ta bar shi. Amma ciyawar wurin ta ci gaba da tsayi, ita kuma tana yawan kallonta. Na san halin 'yata, aikin da ya rage yana hana ta zama. Kawu Arlie ma ya lura.

Wata Asabar ya sa muka zo da shebur. A gefen gidansa akwai furannin matarsa marigayiya Opal, masu dogon ganye, masu launin ruwan lemo, waɗanda kowane fure yini ɗaya yake yi ya rufe, gobe wani ya buɗe. Sun cika wurin har sun cushe. Ya ce mu tone rabi, mu rarraba saiwoyin, mu dasa su a duk faɗin gangaren bakin rafi. Ya ce in suka kama, babu ciyawar da za ta fito tsakaninsu, kuma babu wanda zai sake samun dalilin kai inji wurin.

Glenna da Tressie suka yi tonon, ni na riƙa miƙa musu saiwa daga baro tunda ba na iya sunkuyawa. Da yamma na hau wurinsa, hannuna duk ƙasa. Na san abin da furannin nan suke a wurinsa. Tun da Opal ta rasu bai bari kowa ya tsinki ko ɗaya ba.

"Kawu, ban san yadda zan—"

Ya ɗaga cokali. "Kul. Uwarka ba ta koya maka ba? Ba a godiyar shuka. Kana godewa ta ƙi kamawa."

Na sani, kowa a nan ya sani. In aka ba ka shuka sai ka karɓa ka ce za ka kula da ita, ka yi gaba. Mantawa na yi. Na ce za mu kula da su. Ya ce yauwa, yanzu na yi magana irin ta mutane.

Daga ƙarshen Mayu ya daina fitowa baranda. Aka kawo masa gadon asibiti, ya ce a sa shi a falo jikin babbar taga, inda yake ganin filayen biyu. Wata ma'aikaciyar jinya na zuwa kullum da safe. Charlene ta taho daga jihar Ohio ta tare a tsohon ɗakinta. Glenna na aika miyar wake da burodin masara, ya ci cokali biyu ya ce ta fi Opal iya girki amma kada a faɗa wa Opal in an haɗu. Ranar yankan ciyawa Tressie kan fara da filinsa, in ta zo daidai tagar ta ɗaga hannu ɗaya, sai Charlene ta fito ta ce wai Babanta ya ce hannu biyu a kan sitiyari.

Ganina da shi na ƙarshe da rana ne, injin iskarsa na ta huci a kusurwa. Ya rame har zoben aurensa na yawo a yatsa. Ya tambaye ni ko furannin sun kama. Na ce sun yi sabon ganye, wasu har sun fitar da kara. Ya lumshe ido. Na ja kujera kusa. Na shirya maganata tun daga gida: shekarun da ya yi yana yanke mana ciyawa, ranar shago, barcin da na fara samu. Na ce masa wannan ba maganar furanni ba ce, saboda haka ya bari in faɗa.

Ya buɗe ido ɗaya. "Duk cikin shuka ne. Yi shiru."

Na yi shiru. Muka zauna muna kallon taga har ya yi barci.

Bayan kwana kaɗan, da safe, Charlene ta sauko gidanmu da rigar barci da takalman babanta a ƙafa. Glenna ce ta buɗe ƙofa. Tana ganinta ta rungume ta. Charlene ta ce ya sha ruwa, ya ce a buɗe labule, ta je rataye tawul ta dawo ta tarar ya tafi.

Kafin azahar gidan ya cika da kwanukan abinci. Mazan coci suka zo maganar kabari. Kusa da Opal za a sa shi, can ƙoli, kuma a kafaɗa za a hau da shi domin mota ba ta kai wa. Hanyar maƙabartar kuwa tun kaka ba a taɓa ta ba. Ciyawa ta kai ƙugu, ga ƙaya, ga abin da ke kwance a ciki. Mutum shida ɗauke da akwati ba sa ganin inda suke sa ƙafa. Dole a yanke ta kafin jibi. Wani ya ce zai kawo injinsa, sai aka tuna mai sanduna ne. Fasto ya juyo ya dube ni.

"Ni zan yi," in ji Tressie daga bakin ƙofa. Idanunta sun kumbura.

Ba ta taɓa hawa can ba. Hanyar ta fi filayenmu tsayi nesa ba kusa ba, ga saiwoyin itatuwa, ga wani lungu kusa da ƙoli inda ƙasa ta zaizaye ta gefen hagu. Na ce a'a a gaban mutane. Ta dube ni kawai. Glenna ta taɓa mini hannu ta ce a hankali, ai don wannan ranar ya koya mata. Na ƙyale ta.

Washegari na tashi da wuri, ina so a yi a gama. Na tarar da Tressie zaune a matakala ta sa takalma, Kwaɗo na gabanta ba ta kunna ba. Na ce me take jira. Ta shafa ciyawa da tafin hannu ta nuna mini. Raɓa. Muka jira har rana ta ɗaga.

Ta fara daga bayan gidan Kawu Arlie. Ni ina binta a ƙasa, nesa kaɗan, da sanda a hannu, wasu maza biyu na coci na bayana da injinan datsa na hannu. Ta hau miƙe, a hankali, ta sauko da baya a kan sawunta, ta matsa gefe kaɗan ta sake hawa. Ciyawa na kwanciya, ƙamshinta ya cika wurin. Wani maciji ya sulale ya bar hanya, ba ta ma gan shi ba. Na fara jin numfashina na daidaita.

Sai ta iso lungun. Daga inda nake ina ganin abin da ba ta gani: ciyawa ta rufe bakin zaizayar, tayarta ta hagu na tafiya kai tsaye zuwa wurin. Taku uku ya rage, ko biyu. Sunanta ya taso mini daga ciki ya cika mini baki. Na ji kamar an buga mini cokali a kafaɗa. Na cusa hannu a baki na cije.

Injin ya tsaya.

Ba ta waiwayo ba. Ta zauna tana kallon gabanta. Ta ja da baya har wani ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a gindin wata bishiya, ta juya Kwaɗo a hankali ta ba tudun baya, ta taka fedar nan, ta gwada hawa. Ya ɗan hau da baya, sai tayar ta murza ta watso ƙasa. Ta sake gwadawa sau ɗaya. Ta murza. Ta kashe injin, ta ja birki, ta sauko.

"Daga nan na hannu ne," ta ce wa mazan cocin. Sannan ta dube ni. "Baba, me ya sami hannunka?"

Na ce ƙaya ce. Ta dubi shatin haƙoran, ta dube ni. Ta karɓi injin datsa daga hannun ɗayansu ta wuce gaba.

Aka hau da shi washegari da hantsi. Ba wanda ya yi tuntuɓe. Bayana bai bari na ɗauka ba, sai na bi a baya da Glenna, Tressie na riƙe da hannun Charlene. Aka yi waƙa, fasto ya yi addu'a, aka rufe shi kusa da Opal. Da za mu sauko Charlene ta ce mini za ta sayar da gidan, amma ba bana ba, kuma in muna son sauran furannin uwarta mu zo mu tone. Na buɗe baki, sai Tressie ta taka mini ƙafa.

"Za mu kula da su," ta ce.

Mutane suka yi gaba zuwa wurin abinci. Ni na tsaya a bakin maƙabartar ina hutar da baya. Daga can ana ganin komai: rufin gidansa, rufin namu, filayen biyu da layukan yanka sun sauka miƙe ɗaya kusa da ɗaya, babu ko guda a kaikaice. Kwaɗo na fake a inuwar rumfa. Can ƙasa a bakin rafi, cikin koren ganyen da muka dasa, fure ɗaya mai launin ruwan lemo ya buɗe.